Rashiyo a Lissafin Firamare: Tsakanin "Da Nawa Ya Fi" da "Sau Nawa Ya Ninka"

Yaro ɗan aji shida ya dawo gida da aikin lissafi. Tambayar ba ta wuce layi biyu ba: a cikin wata jaka akwai ƙwallaye 30, jajaye da shuɗaye, rashiyonsu 2:3 ne, jajayen nawa ne? Mahaifinsa ya karɓi littafin ya duba, ya ce ai biyu bisa uku na talatin ake nema, suka rubuta 20. Washegari littafin ya dawo da jan biro. Amsar 12 ce. A gefen shafin kuma malamar ta zana akwatuna biyar a jere, ta rubuta 6 a cikin kowanne, babu ko alamar ninkawar gicciye, dokar ninka lambar saman kowane gefe da ta ƙasan ɗaya gefen, wadda mahaifin ya haddace a zamaninsa.

Ruɗani biyu ne suka haɗu a wannan shafi. Na farko tsoho ne: 2:3 ya yi kama da biyu bisa uku, ido yakan ɗauke su abu guda. Na biyu sabo ne: manhajojin lissafi a ƙasashe da dama sun sauya yadda ake gabatar da darasin, sun fifita zane da jadawali a kan dokar da ake haddacewa. Iyayen da suka ci jarrabawarsu da tsohuwar hanya sai su rasa gane abin da ake koya wa 'ya'yansu, wasu ma su ɗauka an lalata lissafin ne. Kafin a ce wa ke da gaskiya, sai an fara sanin abin da rashiyo yake faɗa.

Mene ne rashiyo?

Hanya biyu ce ake kwatanta adadi biyu. Idan sanda ɗaya tsawonta mita 2 ne, ɗayar kuma mita 6, mutum na iya cewa doguwar ta fi gajerar da mita 4. Yana kuma iya cewa doguwar ta ninka gajerar sau uku. Duka maganganun gaskiya ne, amma ba tambaya ɗaya suka amsa ba. Ta farko ta amsa "da nawa ya fi", aikin ɗebewa ke nan. Ta biyu ta amsa "sau nawa ya ninka", aikin ninkawa da rabawa. Rashiyo shi ne wannan kwatanci na biyu. Duk sauran dokokin darasin daga nan suka tsiro.

Ana rubuta shi da lambobi biyu ko fiye, da ɗigo biyu a tsakani, a karanta 2:3 da "biyu ga uku". Ma'anarsa: duk inda aka samu biyu na wannan, akwai uku na wancan. Bai faɗi yawan abubuwan ba. Jakar da ke da jajaye 2 da shuɗaye 3, da wadda ke da 12 da 18, da wadda ke da 200 da 300, duk rashiyonsu 2:3 ne. Shi ya sa ake iya taƙaita shi: a raba 12 da 18 kowanne da 6, a dawo kan 2:3, ba abin da ya ɓata. Abin da aka yi wa hagu na ninkawa ko rabawa, dole a yi wa dama.

Jerin lambobin yana bin jerin kalmomin. Idan aka ce rashiyon jajaye da shuɗaye 2:3 ne, biyun ta jajaye ce. Wanda ya rubuta 3:2 ya faɗi wata magana daban. Haka kuma dole ma'aunin ya zama ɗaya kafin a kwatanta. Santimita 50 da mita 2 ba 50:2 ba ne. Sai an mayar da mita 2 santimita 200, sannan a samu 50:200, wato 1:4. Yaron da ya tsallake wannan mataki zai ƙare da 25:1, ya mayar da gajeren abu dogo.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Kuskuren mahaifin nan ya samo asali ne daga haɗa rashiyo da firakshan, wato lambar da ake karantawa "kaza bisa kaza". A yadda ake fara koyar da shi, firakshan yana kwatanta ɓangare ne da dukkan abu. Rashiyon da ke cikin tambayar kuwa ɓangare ya kwatanta da ɗan'uwansa ɓangare. A 2:3 an kasa jakar kashi biyar ne, biyu ja, uku shuɗi. Jajaye biyu bisa biyar ne na jakar. Akwatuna biyar ɗin malamar ke nan: 30 a raba gida biyar, kowane gida 6, gida biyu 12, gida uku 18.

Sai dai biyu bisa ukun da mahaifin ya hango ba daga iska ya zo ba, kuma nan ne darasin yake da santsi. Jajaye 12 biyu bisa uku ne na shuɗaye 18. Lambar daidai ce, abin da aka jingina ta gare shi ne ba daidai ba. Daga 2:3 ana iya fitar da firakshan har huɗu masu gaskiya: jajaye 2/5 na duka, shuɗaye 3/5 na duka, jajaye 2/3 na shuɗaye, shuɗaye 3/2 na jajaye. Malamin da ya ce wa yara kawai "rashiyo ba firakshan ba ne" ya rage musu rabin gaskiya, wanda ya ce "duk ɗaya ne" ya jefa su rami. Tambayar da ke raba gardama ita ce: biyu bisa uku na me?

Kashi cikin ɗari ba wani sabon abu ba ne, ɓangare ne da aka kwatanta da duka bayan an mayar da dukan 100. Jajayen jakar kashi 40 cikin ɗari ne, shuɗaye kashi 60.

Akwai kuma kwatancin abubuwa biyu masu ma'auni daban, kamar tafiyar kilomita 120 cikin awa 2. A nan ba za a iya mayar da awa kilomita ba, sai dai a ce kilomita 60 a kowace awa. Wasu littattafai suna ware wa irin wannan suna na daban, wasu suna lissafa shi cikin rashiyo. Tunanin da ke ƙarƙashinsa dai ɗaya ne.

Kalma ta ƙarshe ita ce daidaiton rashiyo, abin da a magana ta yau da kullum ake nufi da "gwargwado". Shi ne a ce rashiyo biyu ɗaya ne: 2:3 daidai yake da 8:12. Yawancin tambayoyin jarrabawa a nan suke. A ba yaro lambobi uku, a ce ya nemo ta huɗu.

Inda yara suka fi yin tuntuɓe

A ɗauki mai fenti da ya haɗa gwangwani 2 na shuɗi da gwangwani 3 na rawaya, ya samu koren da yake so. Bangon ya fi ƙarfin haɗin, yana bukatar ƙari. Ya zuba shuɗi ya kai gwangwani 4. Rawaya nawa zai sa? Yara da yawa za su ce 5, kuma suna da hujja: an ƙara biyu a shuɗi, sai a ƙara biyu a rawaya, an yi adalci. Wasu za su ce da ma rawaya ta fi shuɗi da ɗaya, don haka 4 da 5. Amsar ita ce 6, domin shuɗin ninkawa aka yi, ba ƙari ba.

Hanya mafi sauƙi ta nuna wa yaro ɓaracin hujjarsa ita ce a bi ta har ƙarshe. A ƙara gwangwani goma a kowane ɓangare, a samu 12 da 13. Yanzu shuɗi da rawaya sun kusa zama kai ɗaya, alhali a haɗin farko rawaya ta ninka shuɗi sau ɗaya da rabi. Tazarar tana nan a gwangwani ɗaya, amma launin ya tashi daga koren da aka fara da shi ya yi duhu. Ido ma zai shaida. Launi ba ya bin tazara, rashiyo yake bi.

Wannan kuskure ba na rashin ƙoƙari ba ne, kuma masu bincike sun daɗe da saninsa. A shekarun 1970 Robert Karplus, masanin kimiyyar fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli wanda ya koma nazarin koyar da yara, ya yi amfani da wata tambaya da ta shahara. An zana wani gajeren mutum, tsawonsa maɓalli 4 idan aka jera maɓallai, ko kilif ɗin takarda 6 idan aka jera kilif. Akwai wani dogo da ba a zana ba, tsawonsa maɓalli 6. Kilif nawa ne tsawon dogon? Kowane maɓalli kilif ɗaya da rabi ne, amsa 9. Amma amsar da ta riƙa fitowa daga bakin ɗalibai da yawa, har da waɗanda suka wuce firamare, ita ce 8: dogon ya fi gajeren da maɓalli biyu, sai su ƙara biyu a kan shida. Binciken da Kathleen Hart ta jagoranta a makarantun sakandaren Ingila, wanda aka wallafa a 1981, ya sake cin karo da wannan ɗabi'a ta ƙari a wurin ninki. Tun kafin su, a shekarun 1950, Jean Piaget da Bärbel Inhelder, masu nazarin tunanin yara a Janiba, sun lura cewa tunanin gwargwado yana cikin abubuwan da ke nuna a makare, wajen shekara goma sha ɗaya zuwa sama.

Dalilin a fili yake idan aka dubi tarihin yaron. Shekara huɗu ko biyar ya yi yana ƙirga, yana tarawa, yana ɗebewa, kuma duk lokacin da aka ce ya kwatanta lambobi biyu, tazararsu ake nema. Hatta ninkawa an koya masa ita a matsayin tarawa mai maimaituwa: uku sau huɗu shi ne uku da uku da uku da uku. Rana ɗaya sai a kawo masa darasin da tarawa ba ta aiki a cikinsa, a ba shi mako biyu. Hannun da ya saba da hanya ɗaya ita zai koma wa da zarar lambobin sun yi wuya. Shi ya sa yaron da ya ci tambayar 2:3 zuwa 4:6, inda ninki biyu ne a sarari, yakan faɗi a 4:6 zuwa 6:9, inda ninkin ɗaya da rabi ne. Cin tambayar farko ba shaida ba ce ta fahimta.

Daga ina darasin ya fito?

Tsohon ilimi ne ƙwarai. Wajen shekara ta 300 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin lissafin Girkawa Yuklid na Iskandariyya ya ware kashi na biyar na babban littafinsa na lissafi ga wannan batu, kuma masana tarihi suna jingina tushen ka'idar ga Yudoksas, wanda ya gabace shi. A wurinsu rashiyo ba lamba ba ne, dangantaka ce ta girma tsakanin abubuwa biyu masu jinsi ɗaya: tsawo da tsawo, faɗin fili da faɗin fili. Sun yi wannan taka-tsantsan ne saboda sun gano cewa akwai tsawo biyu da babu wasu cikakkun lambobi da za su bayyana rashiyonsu, kamar gefen murabba'i da layin da ya ratsa shi daga kusurwa zuwa kusurwa. Gardamar da ake yi yau kan ko rashiyo firakshan ne, jikanyar waccan ce.

Dokar nemo lamba ta huɗu daga uku ta bi wata hanya daban. Masanin Indiya Aryabata ya rubuta ta a shekarar 499, kuma a can ake kiranta dokar adadi uku. A Bagadaza, wajen shekarar 820, Alkhawarizmi ya sa wani gajeren babi kan mu'amalar mutane a littafinsa na aljabara, inda ya nuna cewa irin waɗannan lissafai suna tsayawa ne kan adadi huɗu, uku sanannu, ɗaya ake nema. Larabawa suna kiran rashiyo nisba. Daga baya dokar ta cika littattafan lissafin Turai, aka yi ɗaruruwan shekaru ana haddace ta. Ninkawar gicciye ita ce surar da ta iso ajin firamare da ita.

Alamar kanta ba ta kai haka tsufa ba. A 1631 William Oughtred na Ingila ya yi amfani da ɗigo huɗu don nuna daidaiton rashiyo biyu, kuma har yanzu ana ganinsu a tsofaffin littattafai. A 1684 masanin lissafi Leibniz na Jamus ya yi amfani da ɗigo biyu don rabawa, kuma a Jamus da wasu ƙasashen Turai har gobe yaro yana rubuta 12 : 4 = 3 da nufin rabawa. Wato alamar da wani yaro ya sani ta rashiyo, ita ce wani ya sani ta rabawa. Kusancin ma'anar biyu na gaske ne, ba kuskuren masu buga littafi ba.

Saɓanin masu koyarwa

Babu malamin da ke musun amsar 12. Saɓanin yana kan hanyar da za a fara ɗora yaro.

Masu goyon bayan ninkawar gicciye suna da hujjoji masu nauyi. Hanya ce gajera, ba ta zaɓen lamba, tana aiki ko da lambobin 17 da 43 ne, inda zanen akwatuna zai gagara. Ita ce kuma ƙofar aljabara, domin yaro yana rubuta harafi a madadin abin da bai sani ba, yana warwarewa. Suna ƙara da cewa fahimta sau da yawa tana biyo bayan yawan aiki, kuma yaron da ke da dokar da ya amince da ita ba ya firgita a ɗakin jarrabawa. A aji mai cunkoso, inda malami ɗaya ba zai iya bin tunanin kowane yaro ba, doka ɗaya bayyananna tana da amfaninta.

Masu suka ba su ce dokar ƙarya ce ba. Cewa suke tana ba da amsa ba tare da ta taɓa tunanin yaron ba. Idan aka ninka gwangwanin shuɗi 4 da gwangwanin rawaya 3 aka samu 12, wannan 12 ɗin mene ne? Ba shuɗi ba ne, ba rawaya ba ne, ba wani abin da za a nuna da yatsa ba ne. Yaro zai iya cin maki goma bisa goma da ita, amma ranar da aka tambaye shi da baki, ba takarda, ya koma ga "a ƙara biyu". Kuma idan ya jera lambobin a gurbin da ba nasu ba, babu abin da zai faɗakar da shi.

Hanya ta biyu ita ce a fara nemo na ɗaya. Inji ya buga shafi 90 cikin minti 6, shafi nawa zai buga cikin minti 10? A minti ɗaya 15, a minti goma 150. Kowane mataki yana da ma'anar da za a iya faɗa da baki. Rauninta shi ne wani lokaci na ɗayan yakan fito da lamba mara daɗi, ko abin da hankali ba ya ɗauka, kamar mutum ɗaya da rabi.

Hanya ta uku ita ce zane da jadawali. Akwatunan malamar nan sun yi fice ne daga Singafo, inda ma'aikatar ilimi ta shigar da su manhajar firamare a farkon shekarun 1980, daga baya wasu ƙasashe suka ara. Jadawalin rashiyo kuwa layi biyu ne, yaro yana ninka su tare ko ya raba su tare har ya isa inda yake so: 4 da 6, rabinsu 2 da 3, ninki uku 6 da 9. Ma'aunin karatu na bai-ɗaya da jihohin Amurka da yawa suka ɗauka daga 2010 ya sa rashiyo a aji shida, ya kuma ambaci jadawali da irin wannan zane cikin kayan aikin da ɗalibi zai yi amfani da su. Manhajar Ingila da ta fara aiki a 2014 ta sa darasin a shekarar ƙarshe ta firamare, ga yara 'yan shekara 10 zuwa 11. Ƙorafin da ake yi wa wannan hanya shi ne tana cin lokaci, tana bukatar malamin da shi kansa ya fahimce ta, kuma yaron da aka bari a kanta har abada zai maƙale ranar da lambobi suka girma.

Idan aka auna hujjojin, abin da ya fi rinjaye shi ne batun jeri ne, ba na zaɓen ɗaya a zubar da saura ba. Zane da jadawali suna gina ma'ana, nemo na ɗaya yana ƙarfafa ta, ninkawar gicciye tana taƙaita aikin ga wanda ya riga ya san dalilinsa. Matsalar tana faruwa ne idan aka fara da ta ƙarshen. Mahaifin da ya ce a zamaninsu layi ɗaya suke yi su gama bai yi ƙarya ba, amma shi ne kuma ya rubuta 20.

Inda rashiyo ba ya shiga

Akwai kuskuren da ke bayan wancan, kuma waɗanda suka ƙware a dokar ne suka fi faɗa masa. Da zarar yaro ya ga lambobi uku da alamar tambaya, sai ya ninka ya raba. Riga ɗaya ta bushe a rana cikin awa 2, awa nawa riguna uku za su ɗauka idan aka shanya su tare? Za a samu masu cewa 6. Uba yana da shekara 36, ɗansa 6, rashiyonsu 6:1. Idan ɗan ya kai 12, uban bai kai 72 ba, 42 yake, rashiyon ya koma 7:2. A shekaru tazara ce ba ta motsi, rashiyo kuwa kullum sauyawa yake, kishiyar abin da ya faru a gwangwanin fenti. Yaron da ya iya bambance waɗannan misalai biyu ya kama darasin.

Wani lokaci dangantakar a juye take. Ma'aikata 4 sun gama aiki cikin kwana 6, ma'aikata 8 masu irin ƙwazonsu kwana 3 za su yi, ba 12 ba.

Sai batun faɗin fili, wanda manya ma suke faɗawa. Ɗaki mai mita 3 a kowane gefe faɗinsa murabba'in mita 9 ne. A ninka kowane gefe ya zama 6, faɗin ya zama 36. Gefe ya ninku sau biyu, fili ya ninku sau huɗu, idan kuma akwati ne, cikinsa sau takwas. Masu bincike a Jami'ar Luben da ke Beljiyam sun yi shekaru suna nazarin wannan, sun nuna cewa ɗalibai suna manne wa amsar "sau biyu" ko da an ba su damar zanawa.

Abin da ya shafi wanda ya bar aji

Wanda bai riƙe darasin nan ba zai ci gaba da haɗuwa da shi ba tare da an kira sunansa ba. Taswirar da aka rubuta wa 1:50,000 tana cewa santimita ɗaya a takarda santimita 50,000 ne a ƙasa, wato mita 500, don haka santimita 7 tafiyar kilomita uku da rabi ce. Fuskar talabijin ta zamani 16:9 ce, shi ya sa 1920 da 1080 suke tafiya tare, kowanne an ninka shi sau 120. Tsohuwar fuska 4:3 ce, kuma idan aka tilasta wa tsohon hoto ya cika sabuwar fuska sai mutane su fito a baje, an ja faɗi ba a ja tsawo ba. Takardar A4 milimita 210 ce da 297. A naɗe ta biyu, rabin yana da siffar uwar, domin an zaɓi rashiyon ne musamman, kusan 1 ga 1.414, wanda shi ne ainihin rashiyon gefen murabba'i da layin kusurwarsa da ya hana Girkawa barci. Keke mai haƙori 48 a gaba da 16 a baya yana juya tayar baya sau uku a duk zagayen feda ɗaya.

Waɗannan ba su da haɗari. Akwai masu shi. Magini da aka ce wa ya haɗa kankare 1:2:4, siminti da yashi da tsakuwa, kashi bakwai ke gabansa, siminti ɗaya bisa bakwai. Idan aikin ya ƙaru ya ƙara kwano biyu a kowanne, ya samu 3:4:6, wani haɗi ne daban. Idan ya ƙara yashi da tsakuwa ya bar siminti yadda yake, ginin ne zai biya. Yawancin magungunan yara da nauyin jiki ake auna su, miligiram kaza ga kowane kilo, don haka abin da ya dace da yaro mai kilo 20 ya ninka na mai kilo 10, kuma kintace a nan ba wasa ba ne.

A labarai ma haka. Makaranta mai ɗalibai 600 da malamai 15 tana da 40:1, wata mai ɗalibai 90 da malamai 3 tana da 30:1. A haɗa su, ba 35:1 za a samu ba. Ɗalibai 690 ne da malamai 18, ya haura 38 ga kowane malami, domin babbar makarantar ta fi nauyi a lissafin. Ba a tara rashiyo biyu a raba biyu, sai an koma ga ainihin adadin. Haka kuma 40:1 bai ce kowane aji yana da yara 40 ba, wani ajin na iya ɗaukar 70.

Wurin da kuskuren jakar ƙwallaye ya fi dawowa da kamanninsa shi ne surka sinadari da ruwa. Sinadarin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, idan ana son ya sauko zuwa 0.5, ana zuba kashi ɗaya nasa a kashi tara na ruwa. Haɗin kashi goma ne, sinadarin ɗaya bisa goma. Wani zai rubuta wannan 1:9, yana kwatanta sinadari da ruwa. Wani, musamman a ɗakin gwaje-gwaje, zai rubuta shi 1:10, yana kwatanta sinadari da dukkan haɗin. A irin wannan surki mai yawa bambancin kaɗan ne. Amma idan takardar ta ce 1:2, fassara ɗaya tana ba da sulusi, ɗayar tana ba da rabi, kuma tsakanin sulusi da rabi akwai tazarar da za ta iya ƙona fata ko ta lalata kaya. Lambobin kaɗai ba za su faɗi wacce ake nufi ba. Sai mai karatu ya nemi kalmomin da ke kusa da su, ko an ce "a cikin" ko an ce "da ruwa kashi kaza", idan kuma babu, ya tambayi wanda ya rubuta: biyun nan ruwa ne, ko duka haɗin?